Goron Sallah ga Ma'abocin Littafi: Yadda Ake Zaɓa, a Saya, a Miƙa

Kayan Sallah a wurinmu sanannu ne: shadda ko atamfa, hula, takalmi, turare, sai sababbin kuɗi na barka da Sallah ga yara. Babu mai ƙin su. Amma a kowane dangi akwai mutum ɗaya ko biyu da in ka ba su shadda za su yi godiya su jefa a akwati, in kuwa ka ba su littafin da suka daɗe suna cigiya, sai an yi ta kira kafin su fito cin tuwon Sallah. Akwai kuma masu rubutawa da kansu: ƙanwar da take buga labari a waya har tsakar dare, malamin makarantar da ya tara waƙoƙi a littafin rubutu shekara da shekaru, abokin da kullum littafinsa "ya kusa fitowa". Wannan jagora ta mai son yi wa irin waɗannan mutane kyauta ce, a Ƙaramar Sallah ko Babba, ko a Kirsimeti.

Kada ka fara da kasuwa, fara da mutumin. Kyautar da take zama a ran ma'abocin littafi ita ce wadda ta ɗauke masa abin da yake hana shi karatu ko rubutu, ko rashin wuta ne, ko ciwon ido, ko hayaniyar yara, ko littafi na uku da aka ara ba a dawo da shi ba.

Mataki na farko: san wanda za ka ba

Makaranci daban, marubuci daban, ko da yake duk marubucin kirki makaranci ne. Makaranci abin karantawa yake nema, da inda zai zauna ya karanta. Marubuci kuwa sau da yawa littattafai sun yi masa yawa. Abin da ya rasa shi ne kayan aiki, da lokaci, da kuɗin fitar da abin da ya rubuta. In ba ka bambance su ba, za ka saya wa marubuci littafin da yake da kwafi biyu, ka saya wa makaranci alƙalami mai tsada da ba zai taɓa cire murfinsa ba.

Sai ka yi ɗan bincike a asirce. In kana shiga ɗakinsa, dubi inda yake ajiye littattafai. Wane harshe ya fi yawa, Hausa, Turanci, Larabci ko Faransanci? Labarai ne, waƙoƙi, tarihi ko fiƙihu? Waɗanne ne bangonsu ya sha hannu, waɗanne ne har yanzu suke cikin leda? Na cikin ledar nan yawanci kyauta ce da aka yi masa ba tare da an san shi ba, kada ka ƙara musu ɗan'uwa. Lura kuma da giɓi: jerin da akwai na ɗaya da na biyu babu na uku, ko ƙamus da ya rabe gida biyu aka ɗaure shi da roba.

In ɗakin ba wanda kake shiga ba ne, kamar na surukinka ko na malaminka, bi ta hannun na kusa da shi: matarsa, ɗansa, ko ɗalibin da yake riƙe masa jaka. Tambaya ɗaya ta wadatar: "Wane littafi ne Malam yake yawan cigiya?" Matasa kuwa ba sa wahalar da kai, abin da suke karantawa yana nan a shafinsu na Facebook ko a WhatsApp. Ka riƙa sauraron ƙorafi kuma. Wadda ta ce "da daddare rubutu yake zo mini, amma kafin ƙarfe goma wayar ta mutu" ta gama faɗa maka abin da za ka saya.

Wasu suna ganin tambayar mutum kai tsaye tana rage armashin kyauta. Ni ban yarda ba, musamman in ɗalibin ilimi ne ko mai bincike a jami'a, wanda littafin da yake bukata ɗaya ne tak, kuma ba za ka taɓa cankarsa ba. Matsalar ita ce kunya: in ka ce "me kake so?" amsar ita ce "wallahi ba komai". Sai ka sauya salo. Ka ce masa, "Yaya, in yau ka samu hali, waɗanne littattafai uku za ka fara saya?" Bakinsa zai buɗe. Kai kuma ka zaɓi ɗaya daga ciki, ka yi shiru da bakinka.

Mataki na biyu: yanke kuɗi, ka tsayar da lokaci

Yanke abin da za ka iya kashewa tun kafin ka fita, domin kantin littattafai ma yana da nasa jan hankali. A Babbar Sallah kuɗi kan rago suke tafiya, a Ƙarama kan ɗinki, don haka kyautar littafi ba ta bukatar ta zama babba. Abu ɗaya da ya dace ya fi tarkace biyar.

Lokaci ya fi kuɗin muhimmanci. Duk abin da sai an yi shi da hannu, kanta a wurin kafinta ko jaka a wurin baduku, ka ba da aikin tun cikin Sha'aban ko farkon azumi. A goman ƙarshe masu sana'a ba sa cika alkawari, kasuwa kuma ba ta shiguwa. Littafin da za a aiko daga Legas ko Abuja, ba shi mako biyu. Littattafan addini kuwa sun fi amfani in sun isa hannu kafin a ga watan azumi, lokacin da ake zaman tafsiri da karatun Ashafa, ba bayan an sauke faralin ba.

Mataki na uku: in littafi za ka saya

Nan ne aka fi tuntuɓe, don haka nan zan daɗe.

Fara da tsofaffin littattafan Hausa, domin kusan ba su da asara. Mutane da yawa sun karanta su a firamare ko sakandare, kwafin makaranta ne, aka gama aka mayar, yau ba su da nasu. Gasar rubutu da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ƙanana ne, in ka samu ka haɗa su ka ɗaure wuri ɗaya, ka yi kyauta mai kan gado da kuɗi kaɗan. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, juzu'i uku ne. Ka sayi ukun. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, da aka kafa a 1966, shi ne gidan yawancin waɗannan. Mai son waƙa kuwa ka nema masa na Sa'adu Zungur, ko Mu'azu Haɗeja, ko Aƙilu Aliyu, ko Infiraji na Aliyu Namangi. Wanda ya karance duk waɗannan kuma yana son sanin yadda rubutun Hausa ya taso, Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, bugun 1988, shi ne abin nema, sai dai samunsa sai da yawo.

Littattafan zamani da suka cika Kano daga shekarun 1980 suna da tasu ƙa'ida: labari ɗaya akan raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu, kuma daidai inda labari ya yi zafi ake yankewa. Ba wa mutum na ɗaya kaɗai tamkar ka miƙa wa mai azumi dabino ne ka hana shi ruwa. Tambayi mai shago a nawa labarin ya ƙare, ka ƙirga da hannunka. In yarinya ce 'yar shekara goma sha uku za ka ba, ka karanta da kanka tukuna, ko ka tambayi wata babba da ta karanta. Ba kowane bango mai fure ne ya dace da kowane shekaru ba.

Littattafan addini sun fi kowanne bukatar lura. In Alƙur'ani ne, dattijon da ya yi karatun allo da ruwayar Warshu ya saba, da irin rubutun da aka san mu da shi. Ɗan Islamiyya kuwa yawanci Hafsu yake karantawa. In ka juya musu, kowanne zai karɓa da ladabi ya ajiye a sama. Ɗalibin fiƙihu ka san inda ya kai: wanda yake Ishmawi ko Iziyya ba Muhtasar yake bukata ba tukuna, wanda ya sauke Risala kuma ba za ka kai masa Ahalari ba. Ka san wajen malamin da yake ɗaukar karatu, domin littafin da wani zaure yake girmamawa wani zauren ba ya buɗe shi, kuma Sallah ba lokacin tayar da muhawara ba ne. Manyan littattafai masu mujalladi da yawa ka tabbatar bugu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kada a haɗa maka rabi bugun Misira rabi bugun Bairut, lambobin shafi su ƙi haɗuwa. 'Yan littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano sun san waɗannan abubuwa sarai; faɗa musu wanda za ka ba da matakin karatunsa, ka bar su su shiryar da kai. Ga tsofaffi, manyan baƙaƙe sun fi bango mai ruwan zinare. Haka abin yake ga mai yi wa Kirista kyautar Kirsimeti: Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito cikakke tun 1932, an kuma sake fassara shi daga baya, don haka ka tambayi wadda ake karantawa a cocinsu kafin ka shiga kanti irin su Challenge na Jos.

Mai karatun Turanci ba ya rasa abin ba shi. Kamfanoni irin su Cassava Republic na Abuja da Masobe da Parrésia suna fitar da marubutan gida, kantin Roving Heights da ke Legas da Abuja kuma yana aikawa zuwa wasu garuruwa. Ɗan Arewa da ya gaji da labaran da ba ya ganin unguwarsu a ciki, nema masa marubutan yankinsa, kamar Abubakar Adam Ibrahim da ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016.

Yanzu ka zaɓa, littafi yana hannunka a shago. Kada ka biya tukuna. Ana buga littafi ne a manyan takardu, kowace ta ɗauki shafi 16 ko 32, a linke a ɗinke, shi ya sa in shafi zai ɓace ba ɗaya yake ɓata ba, tari guda yake tafiya, ko a maimaita wani tarin sau biyu, ko a sa shi a kife. Bi lambobin shafi da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Minti biyu ne. Buɗe tsakiya ka gani ko gam ɗin zai tsage. Sannan ka duba ko na jabu ne: tawada ta dushe a wani shafi ta yi kauri a wani, layuka sun karkace, hoton bango ya yi hazo, takarda ta yi toka-toka har ana hango rubutun baya, kuɗin kuma ya yi arhar da ta wuce hankali. Kyautar littafin jabu ga mai son littafi abin kunya ne, ga marubuci kuwa cin fuska ne, tunda abin da yake kashe masa kasuwa ke nan. Tsohon littafi na asali ya fi sabon jabu sau goma. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a wajajen Bata da Sabon Gari a Kano, da bakin jami'o'i, wurinsu ake tsintar abin da ya daina fitowa. Ka shinshina: in yana warin danshi, ko ka ga 'yan ramuka da gari-gari a gindin bango, bar shi, kada ka kai wa mutum ƙwaro cikin kantarsa.

Saura masu karatu a waya, kuma a yau su ne mafi yawa, musamman mata. Littattafansu suna WhatsApp da Telegram da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks. Yawancin marubutan nan sukan saki shafukan farko kyauta, sauran sai an tura kuɗi an nuna shaidar biya a saka mutum a zauren WhatsApp. Kyautar da ta dace a nan ita ce ka biya mata littafin marubuciyar da take bi, da sunanta da lambarta, ka haɗa da data ta wata guda. Kada ka tura mata wanda aka fitar aka yaɗa ba da izini ba ka ce goron Sallah ne. Marubutan da kansu sukan rubuta Allah ya isa a kan mai fitarwa, ba kuma a fara Sallah da wannan. Na'urar karanta littattafai ta Kindle tana da daɗin karatu, cajinta yana makonni, ba ta kuma ɗaukar ido a rana, amma waɗannan manhajoji ba sa hawa kanta. Ta dace da mai tarin littattafan Turanci, ba da mai bin labari a zauren WhatsApp ba.

Mataki na huɗu: in marubuci ne, sayi kayan aiki

Na farko ƙamus. Abin mamaki ne yawan masu rubutu da Hausa da ba su da ƙamus ko ɗaya a ɗaki. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006, Hausa zuwa Hausa ne, shi ya fi dacewa da mai ƙirƙirar labari ko waƙa. Mai fassara kuwa, ko ɗan jarida, ka nema masa na Paul Newman da Roxana Ma Newman da maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta buga a 2020, mai Hausa zuwa Ingilishi da Ingilishi zuwa Hausa. Na Bargery, bugun 1934 da aka sake bugawa a Zariya a 1993, taska ce ta tsofaffin kalmomi da karin harshen garuruwa. Mai rubuta labarin zamanin da, ko mai sha'awar sunayen sana'o'i da itatuwa, in ka samo masa wannan ka gama da shi. Ka haɗa da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa in ka san yana fama da raba kalma da haɗe ta. Sai dai wannan da dabara ake ba da shi, a cusa cikin wasu kaya, kada ya zama gugar zana.

Na biyu wuta. Fawa banki mai 20,000 mAh ya fi mai 10,000 ga wanda yake rubutu a waya, amma ka sani abin da yake bayarwa a zahiri wajen kashi biyu cikin uku ne na abin da aka rubuta a jikinsa, wato zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu da ɗan ɗori. Wanda aka rubuta masa lamba mai ban tsoro alhali ba shi da nauyi a hannu, ƙarya ce. Fitila mai caji ta tebur, wadda wuyanta yake lanƙwasuwa, ta fi babbar da take haske ɗaki duka, domin mai rubutun dare yakan kasance da wani yana barci a gefe. In tana da ɗan faifan sola, ya fi.

Na uku abin bugawa. Akwai masu rubuta littafi sukutum da manyan yatsu biyu a fuskar waya, har wuyan hannu ya riƙa zogi. Ƙaramin kibod mai Bluetooth da ɗan abin jingina waya suna mayar da wayar kusan kwamfuta, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na kwamfuta ba. Ka gwada shi da irin wayarsa kafin ka baro shago. Ka kuma zauna da shi ku saita yadda zai riƙa samun baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin ba a jikin madannan suke ba. Manhajar Gboard tana da Hausa, Keyman ma haka. In a Nijar yake rubutu, a Maraɗi ko Damagaram, ka tabbatar akwai ƴ, don can ita ake sa wa a inda Nijeriya take rubuta 'y.

Na huɗu ajiya, kuma wannan ne ba a cika tunawa da shi ba sai waya ta faɗa ruwa ko an fizge ta a kasuwa, aikin shekara biyu ya tafi. Filashi mai baki biyu, ɗaya na waya ɗaya na kwamfuta, ba shi da tsada. Ka saya a shagon da ake ba da rasit, saboda na jabu sun yi yawa, suna nuna girman da ba su da shi. Abin da ya fi filashin ma kyauta ne: ka zauna da shi rabin awa ka nuna masa yadda rubutunsa zai riƙa hawa Google Drive da kansa. Kowane asusu yana da 15 GB ba tare da biyan ko sisi ba, rubutu zalla kuwa ba zai cika shi ba har tsufa.

Littafin rubutu da biro ba sa tsufa, amma kada ka sayi mai kyan da zai ba shi tsoro. Marubuta da yawa suna da irin waɗannan a ajiye, fari fat, suna jiran ranar da za su sami jimlar da ta cancanta. Ɗauki mai ɗinki ba mai gam ba, wanda yake buɗewa ya kwanta, takarda mai giram 80 don kada tawada ta huda, girman da zai shiga aljihun riga ko jakar hannu. Uku masu sauƙi sun fi ɗaya na alfarma. Biro kuwa, irin wanda ka ga yana riƙewa, kwali guda.

Wanda ya haura arba'in ka ga yana nesanta takarda da fuskarsa, tabarau yake bukata. Kada ka saya a tire. Biya masa kuɗin awon ido a asibiti, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, ka kai shi da kanka in ya cika jan ƙafa.

Mataki na biyar: kyautar da ba a naɗewa

A ganina waɗannan sun fi duk na sama, su ne kuma aka fi yi wa rowa.

Lokaci. Maigida, in matarka tana rubutu, ɗebi yara ka tafi da su yawon Sallah gidan Hajiya tun hantsi, ka dawo da abincin dare a hannu, ka ce mata yinin nata ne. Ka maimaita ranar Asabar ɗaya a kowane wata. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016 ake ganin yawan matan da suke da labari a ka. Abin da ya yi musu ƙaranci awa uku ce da babu mai kiran sunansu.

Sayen littafinsa. Ɗabi'ar "ina nawa kwafin?" ta durƙusar da marubuta da yawa, domin shi ya biya maɗaba'a daga aljihunsa, dangi da abokai kuma kowa kyauta yake jira. Juya abin: sayi kwafi biyar ko goma a farashinsa, ba ragi, ka raba wa mutane a matsayin naka goron Sallar, ko ka kai ɗakin karatu na makarantar unguwa. Ka yi kyauta biyu da kuɗi ɗaya. Sannan ka karanta. Ka kira shi ka ce, "Wancan tsohon na babi na shida, me ya sa ka kashe shi?" Ba abin da yake faranta ran marubuci kamar a yi masa gardama a kan mutanen da ya ƙirƙira.

Ɗaukar wani ɓangare na kuɗin fitar da littafi. Ba sai ka biya bugu duka ba. Akwai kuɗin mai tace rubutu, akwai na mai zana bango, akwai na lambar rajistar littafi, wato ISBN, da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa yake bayarwa. Zaɓi ɗaya ka ce "wannan nawa ne". In ka tambaye ni, na mai tacewa ya fi, saboda shi ne marubuci yake fara tsallakewa in kuɗi sun gaza, shi ne kuma ake gani a shafi. Amma ka bar shi ya zaɓi wanda zai tace masa, kuma biyan kuɗi bai ba ka ikon sauya ƙarshen labari ba.

Kuɗin mota da masauki zuwa taron marubuta ma kyauta ce. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, da aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi da babban taro duk shekara, Kaduna kuma ta karɓi bukukuwan littafi irin su KABAFEST da ya fara a 2017 da HIBAF na adabin Hausa da ya fara a 2021. Matashin da bai taɓa zama da wasu marubuta ido da ido ba, tafiya ɗaya takan sauya masa rubutu.

Mataki na shida: mazaunin littafi

Wanda littattafansa suke cikin kwali ko buhu a ƙarƙashin gado, kanta yake bukata, ba ƙarin littafi ba. Auna bangon ɗakin tukuna, sannan ka gaya wa kafinta: zurfi inci 10, tsakanin hawa da hawa inci 10 zuwa 12, hawa ɗaya na ƙasa ya kai inci 14 saboda manyan mujalladai. Kada faɗin kowane hawa ya wuce ƙafa biyu da rabi ba tare da tokari ba, littafi yana da nauyi, katako zai yi ciki. A yi mata ƙafafu ta tashi daga ƙasa kamar inci 6, a kuma bar ɗan rata tsakaninta da bango saboda gara da danshin damina. Katakon gaske ya fi allon nan na garin katako da ake matsewa, wanda yake kumbura da ya sha ruwa. In da hali a sa ƙofar gilashi, ko labule, don ƙurar hunturu.

Ga malami ko alaramma, gafaka ta fata daga hannun dukawan Kano ko Sakkwato ko Damagaram kyauta ce mai daraja. Kai wa baduku awon littafin, tsawo da faɗi da kauri, kada ka ce "madaidaiciya". Shi ɗin dai zai iya yi wa tsohon ƙamus ko littafin gado sabon bango, sai dai wannan sai da izinin mai shi, don wani tsufan littafin ne abin sonsa.

Mataki na bakwai: rubutu, naɗi da miƙawa

Goge farashi. In kana da tabbacin ba shi da littafin, rubuta 'yan kalmomi a shafin farko da biro: sunansa yadda kake kiransa, Yaya ko Anti ko Kawu ko Malam, barka da Sallah, sunanka, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. Layi uku sun isa. In kana shakka, rubuta a 'yar takarda ka saka a ciki, ka kuma yi magana da mai shago tun wurin saye cewa za a iya dawowa a musanya. Alƙur'ani ba a yi masa irin wannan rubutu. Kada kuma ka rubuta aya ko sunan Allah a takardar naɗi, tunda yagewa za a yi a yar. Kada ka naɗe da jarida.

Ranar idi kanta ba ta dace ba: gida cike, yara da maiƙo a hannu, kowa yana kai da kawo. Daren Sallah ko kwana na biyu da na uku sun fi. Babba kai za ka je ka durƙusa ka miƙa da hannu biyu, ka ce, "Baba, ga ɗan goron Sallah, ba yawa." Surukai kuwa ta hannun ɗa ko 'yarsu ya fi. In aike aka yi, za a ba ɗan aike tukuici, don haka kada ka tura yara biyar da littafi ɗaya ka jawo wa mutum kashe kuɗin da ya fi na littafin.

In wani gari za a kai, saka littafin a leda ka ɗaure, ka sa kwali gaba da baya don kada kusurwa ta lanƙwashe, sannan wata ledar a waje, musamman in Sallar ta faɗo cikin damina. Rubuta suna da lambar waya da manyan baƙaƙe a jiki. A tasha ka roƙi direba ya sa shi a gaba, ba a but tare da jarkar manja ba. Ka biya kuɗin aike duka daga nan, ka karɓi lambar direba da ta mota ka tura wa mai kaya, ka kuma gaya masa an riga an biya, don kada ya isa tasha a ce sai ya ba da wani abu kafin a miƙa masa.